Ranar da Aka Auna Tafiyar Kadangare

Mijina mai fenti ne, amma ba irin waɗanda ke shafe ɗakin kwana da rana ɗaya su wanke hannu su tafi ba. Shi na dogayen benaye ne, na waje, inda ake ɗaure mutum da igiya a zuro shi jikin bango da bokiti a gefe. Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki. Tun yana saurayi abokan aikinsa suka laƙa masa Kadangare, wai ko bangon gilashi ne sai ya sami wurin maƙala yatsa. Sunan ya biyo shi har gida. Jikokinmu ma Kaka Kadangare suke ce masa, shi kuma ya haɗe rai kamar bai so ba, alhali bakinsa har kunne idan sun juya baya.

A jikin bango ma na fara ganinsa. Ina koyon ɗinki a hawa na uku na wani tsohon gini, na ɗaga kai daga keke, sai ga mutum yana lilo a bakin taga, yana ce min in janye yadin nan kada fenti ya ɗiga a kai. Na kurma ihu har mai shagon ta zubar da almakashi. Kwana tara ya yi yana fentin tagar nan guda ɗaya, tagar da ko ni zan gama kafin azahar.

Sai dai ban taɓa ganin ɗan Adam da bai yarda da kowa ba irinsa. Aikin ne ya koya masa, ba na musu. Igiyar da zai hau da ita, ko yanzu aka ciro ta daga leda, sai ya bi ta da yatsu daga farko har ƙarshe. Ƙullin da wani ya yi masa sai ya kwance ya sake nasa. Da abin ya tsaya a igiya da sauƙi. Mai gyaran famfo ya zo, sai ya tsaya a kansa har ya gama. Likita ya rubuta magani, sai ya kai wa masu kemis biyu su karanta masa, ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya. Ni da na haifa masa 'ya'ya biyar, in na ce na kulle ƙofa sai ya tashi ya je ya murɗa.

"Malam, wai ɓarauniya ka aura ne?"

"Ba ke nake zargi ba, makullin nake zargi."

To, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ni ma na koyi sa ido, kuma a kansa na fara gwadawa.

Ni ke wanke masa kayan aiki. Duk wanda ya san mai fenti na gaske ya san ba ya ɓata riga. Ɗan ɗigo a bakin hannu, ɗan shafa a gwiwa, shi ke nan. Mijina har gori yake wa abokan aikinsa, yana cewa wanda ya koma gida kamar an tsoma shi a bokiti bai iya ba, bangon ne ya yi masa fenti. Sai ga shi wata biyu bayan wani zazzaɓi da ya toshe masa kunne, na ɗauko rigarsa zan jiƙa, na ga farin fenti shafe a kafaɗar hagu, dogo, kamar an goga. Na wanke kawai. Mako na gaba ruwan ƙwai ne, a kafaɗar hagu. Na gaba kuma shuɗi, nan dai wurin, ko ɗan kuskure zuwa dama babu.

Na ɗaga rigar a gabansa yana shan shayi. "Wannan fa?"

"Dogo ne ya buge ni da rolar shafa fenti. Kin san shi da rawar kai."

Dogo abokin aikinsa ne, sun fi shekara ashirin suna hawa igiya gefe da gefe.

"Sau uku? Kuma duk a hagu? Lallai Dogon nan ya iya saiti."

Ya ajiye kofi ya ce shayin ya yi sanyi, ya fita. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daga ranar na shiga lura da shi. A barandar da ke kaiwa ƙofarmu sai na ga ya daina bin tsakiya, yana raɓe da bangon hagu, yatsu biyu suna shafar siminti. Na ga ya daina ɗaga jikanmu sama yana juyi da shi. Ranar da ƙarfen labulen falo ya zame na ce ya mayar min, ya hau kujera, ya ɗaga kai, bai ko taɓa ƙarfen ba sai ga shi ya sauko ya zauna a ƙasa dirshan.

"Lafiya?"

"Igiyar takalmina zan ɗaure."

Silifa ne a ƙafarsa. Na kalli silifan, na kalle shi, shi ma ya kalli silifan. Wallahi tsoro ne ya kama ni, amma na san in na matsa zai rufe kamar kunkuru. Na hau kujerar da kaina na mayar da labulen.

Ba a yi mako uku ba bokiti ya kuɓuce masa daga hawa na biyar. Allah ya kiyaye babu kowa a ƙasa, sai wata mota da aka ajiye, ta wayi gari fara ta yini kore. Manajan kamfanin ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, ya ba shi ruwan sanyi, sannan ya miƙa masa takarda. Takardar ta ce ya je asibiti a auna tafiyarsa da yadda jikinsa ke riƙe kansa. In an rubuto lafiya lau, igiyarsa tana nan tana jiransa. In ba a rubuto ba, ya gama hawa, sai dai ya zauna a ƙasa yana dama wa wasu fenti.

Ya shigo gida da takardar kamar wanda ya riƙo wutsiyar maciji.

"Kin gani ko? Na faɗa miki. Akwai lauje cikin naɗi. Manajan nan ƙanin matarsa yake so ya ba wa igiyata, tun bara nake ganin take-takensa."

"To bokitin fa, manajan ne ya sake shi?"

"Hannun bokitin santsi yake. Wa ya san abin da aka shafa? Dogo ne ya miƙo min shi."

"Haba Malam! Dogon da ya yi maka jinya lokacin zazzaɓi?"

"Ai wanda ya san ɗakinka shi ya san inda kake ajiye makulli."

Kafin kwana biyu ya gama haɗa zaren. Manaja ya shirya, Dogo ya taimaka, asibiti kuma an gama magana da su, takardar ma tana rubuce, zuwansa kawai ake jira. Sai ya shiga bincike. Ya samo direban kamfanin, wanda aka taɓa kaiwa wannan ɗakin awo bayan an yi masa aiki a gwiwa. Direba ya ce masa akwai wani inji, bel ne mai faɗi, a tsaya a kai a kunna, ƙasa ta riƙa gudu a ƙarƙashin mutum, shi kuwa yana tafiya ba ya zuwa ko'ina.

Mijina ya tafa hannu. "Ga tarkon! Wane mai hankali ne zai auna mutum a ƙasar da ke gudu? A kan wannan ko soja ka ɗora sai ya yi tangaɗi. Sai su rubuta tsoho ya gaza."

Mijin babbar 'yarmu yana aiki a wani gidan motsa jiki, inda masu tumbi ke zuwa su yi gumi. Akwai irin injin a can har guda shida. Mijina, wanda bai taɓa roƙon suruki ko allura ba, ya je ya same shi, ya rantsar da shi kada ya faɗa wa kowa. Surukin ya faɗa wa matarsa, matarsa ta faɗa min kafin la'asar. Kwana goma sha biyu yana zuwa da sassafe kafin mutane su taru. Ranar farko, in ji 'yata, sai da bel ɗin ya watso shi baya ya faɗa kan tabarmar roba. Rana ta huɗu ya saki ƙarafan riƙewa. Zuwa rana ta bakwai ya gano dabara: ya sami abu ɗaya a bangon da ke gabansa, ƙusa ko tabo, ya kafe shi da ido, ya sandare wuya, kada kai ya motsa ko kaɗan. In ya yi haka, sai ya yi minti ashirin cur kamar jirgin ƙasa a kan dogo.

Ya dawo gida yana fito. Rabon da in ji fitonsa tun kafin zazzaɓin. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Sunan nasa ya tashi a kaina da gaske, ya zame min kadangaren bakin tulu, a kar shi a kar tulu, a bar shi ya ɓata ruwa. In na yi magana na raba shi da abin da ya sa yake ɗaga kafaɗa a cikin maza. In na yi shiru ya ci wannan awo, zai koma hawa na biyar da kan da ko ƙarfen labule ba ya iya kallo. Na kwana biyu ina ɗinka hannun riga a baibai ina warwarewa.

Ranar awo na yafa mayafina na tsaya a bakin ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Inda za ka."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ma an yi magana da ke ne?"

"Eh, manaja ya yi min alƙawarin mota kore. Wuce mu tafi."

Tun daga ƙofar asibitin ya fara mita. Ba kan ma'aikata ba, kan bango. Wannan an shafa a kan danshi, dubi yadda ya kumbura. Wancan hannu ɗaya aka yi aka gudu. Haka yake duk inda muka shiga, ko gidan gaisuwa ne sai ya raɗa min cewa an cuci mamaci a fentin falo. Na ce ya yi wa Allah ya rufa mana asiri.

Ɗakin awon dogo ne, ba taga. An kewaye shi da kyamarori a kan ƙafafun ƙarfe, kowace da jan haske kamar idon kyanwa. A gefe ɗaya ga injin, da wata ɗamara tana reto a samansa daga ƙarfen da ke manne da silin. A tsakiya an shimfiɗa doguwar hanya ta roba mai ruwan toka, daga wannan bango zuwa wancan. Mai aikin wata mace ce mai tabarau, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarmu ba, mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi wani daga barci. Ta gaishe mu, ta miƙa masa gajeren wando da singileti ta nuna masa bayan labule.

"A gaban matata da ke?"

"Baba, kyamara ba ta gani ta cikin babbar riga."

Na ce, "Shiga ka sa, Malam. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ya fito yana harare-harare, ƙafafu kamar sandunan tsani. Ta ɗauko wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli, ba su fi maɓallin riga girma ba, ta shiga manna masa: a idon sawu, a gwiwa, a ƙugu, a kafaɗu, a ƙashin wuya, huɗu kuma a jikin wani maɗauri da ta zagaya masa a kai. Yana ƙirgawa a fili. Da ta kai talatin da tara ya ce me ya sa ba arba'in ba, ina ɗayan ya tafi? Ta ce haka adadin yake. Ya ce wa zai ga hoton? Ta ce ba hoto ba ne, ɗigo-ɗigo ne kawai ke fitowa, ta juyo masa fuskar kwamfuta. Sai ga wani mutum na ɗigon haske tsaye a cikin duhu. Mijina ya ɗaga hannu, mutumin ya ɗaga. Ya sauke da sauri.

"'Yata, tsakaninki da Allah, manajanmu ya kira ki?"

"Ban san shi ba, Baba. Takarda kawai na gani."

"Haka za ki ce mana."

Ta sa masa ɗamarar, ta ce don ko da ya yi tuntuɓe ne a kan injin. Ya kwance duk abin da ta ɗaure ya sake ɗaurewa da kansa, ya ja igiyar da ƙarfi sau uku. A nan na ga abin da ya tsinka min zuciya. Bai ɗaga kai ya duba inda igiyar ke rataye ba. Mutumin da bai taɓa ba wa ƙugiya amanar nauyinsa ba sai ya gan ta da idonsa, yau ya ja kawai, idonsa a ƙasa.

Aka kunna inji. Na ga idonsa ya zagaya bangon gaba ya tsaya a kan makunnin fitila. Shi ke nan, ya kama. Bel na gudu, shi yana taku ɗai-ɗai, hannu na lilo, baya a miƙe. Ta ƙara sauri, ko gezau. Ta rage, ko gezau. Mutumin ɗigo a kwamfuta yana tafiya kyakkyawa kamar ango. Minti shida ta kashe.

Mai tabarau ta jima tana kallon kwamfutar, tana taɓa leɓe da biro.

"Baba, ka taɓa hawa irin wannan injin?"

"Ni? A ina zan gan shi?"

"Wanda bai taɓa hawa ba yakan kai hannu ga ƙarfe a minti na farko. Kai ko kallonsa ba ka yi ba." Ta nuna ɗigo huɗun da ke saman mutumin. "Kuma duk mai tafiya kansa yana ɗan motsi, sama da ƙasa, hagu da dama. Naka kamar an kafe da ƙusa."

"Aikin sama ne ya koya min. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Sakamakon ya yi kyau."

Ya waiwayo ya kashe min ido. An tsallake tarko. Ta cire masa ɗamara, ta ce saura tafiyar ƙasa: ya bi hanyar robar nan daga bango zuwa bango sau shida, yadda ya saba tafiya a titi, yana kallon gabansa. Akwai wani faranti a ƙarƙashin robar da ke jin nauyin kowane taku, amma kada ya damu da neman inda yake.

Ya yi dariya, ta farko tun da muka shigo. "Ƙasa? Ƙasar da ba ta motsi? 'Yata, tun kafin a haife ki nake taka ta."

Ya tafi, ya dawo. Ya tafi, ya dawo. Wuyan nan da ya sandare ya fara saki, kafaɗu suka sauko, har yana tambayarta ko ita ma za ta zo ya auna ta. A zuwa na biyar, yana tsakiyar hanya, sai idonsa ya ci karo da wani zirin fenti da ya zubo a bangon gaba ya bushe. Na ga idon ya bi zirin nan yana hawa. Can sama, inda ruwan madarar bango ya haɗu da farin silin, wanda ya yanke layin ya yi shi kamar tafiyar tsutsa, nan ya hau, nan ya sauka. Mijina zai iya wuce gobara bai waiwaya ba, amma ba zai iya wuce karkataccen layi ba. Ya ɗaga kai gaba ɗaya, ya nuna da yatsa, yana ci gaba da tafiya.

"Kai jama'a! Wane mugun ne ya yanke wannan..."

Bai ƙarasa ba. Ƙafafunsa suka kwashe shi zuwa hagu, taku ɗaya, biyu, uku, kamar an ja shi da igiya. Ya sauka daga kan robar, ya ture ƙafar kyamara ɗaya, ya je ya daki bango da kafaɗa. Ƙwallo biyu suka ɓalle suka gangara ƙarƙashin tebur. Ya tsaya a nan manne da bango, ido a rufe, yana numfashi ta baki.

Na yi kansa da salati. Ya ɗaga min hannu kada in taɓa shi.

"Santsi ne," ya ce. "Farantin nan naku ya motsa. Na ji shi."

Mai tabarau ta tayar da kyamarar, ta jawo masa kujera. Ta tsuguna ta tsinto ƙwallayen, ta daɗe tana goge su da gefen rigarta, fiye da yadda goge ƙwallo biyu ke buƙata.

"Farantin a kafe yake da siminti, Baba. Amma zan faɗa maka gaskiya. Ƙa'idar awon nan ita ce mutum ya kalli gabansa. Ka ɗaga kai, don haka wannan zuwan ba ya cikin awo. Abin da kamfaninku ya nema shi ne tafiya a inji da tafiya a ƙasa, kuma duk ka yi su da kyau. Ina iya share wannan mu sake biyun da suka rage."

"To share mana! Me kike jira?"

Ba ta share ba. Ta gyara tabarau ta ce, "Tambaya ɗaya. A takardar an rubuta mai fenti kawai. A wurin aikinka kana yawan ɗaga kai?"

"Ba sosai ba. Bango a gabana yake."

Sai ta juyo ta kalle ni. Shi ma ya juyo. Shekara talatin ina zaune da mutumin nan, ban taɓa ganin roƙo a idonsa ba sai ranar. Na so in ce ban san aikin maza ba, in gyara mayafina in kalli ƙasa, mu koma gida yana fito. Wallahi na so.

Na ce, "'Yata, a igiya yake aiki. Hawa biyar, hawa bakwai. Rolarsa a kan doguwar sanda take, yini yake kansa a sama. Wata uku ke nan yana dawo min da fenti a kafaɗar hagu. Kuma injin nan naku, kwana goma sha biyu ya yi yana koyonsa. In za ki sake, ki sa shi ya kalli sama."

Mijina bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya dube ni kawai, ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda ya daɗe yana neman ɓarawo a unguwa ya zo ya same shi a kan gadonsa.

Ta kira likita, wani dattijo mai furfura a gira. Suka mayar masa da ƙwallayen, likita ya tsaya a hagunsa, aka ce ya yi tafiya yana kallon silin. Mijina ya cije, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sau uku ya gwada, sau uku likita na tare shi da hannu biyu. A na ukun shi da kansa ya ce ya isa. Likita ya nuna mana mutumin ɗigo yana karkacewa, ya ce matsalar a can cikin kunne take, wurin da ke gaya wa jiki ina ne sama ina ne ƙasa, kuma mai yiwuwa zazzaɓin nan ne ya taɓa shi. Akwai motsa jikin da za a koya masa, zai taimaka, zai yi tafiyarsa a ƙasa lafiya. Maganar igiya kuwa, ba zai sa hannu ba, kuma ba zai yi masa alƙawarin wata rana ba.

Muka fito. Ya riga ni gaba, takardar a naɗe a hannunsa, bai ce uffan kan fentin kowane bango ba har muka kai titi. A wurin jiran mota ya zauna a ƙarshen benci, na zauna a ɗaya ƙarshen. Mota ta zo ta wuce, bai tashi ba. Ta biyu ma haka.

Can ya yi magana, ba tare da ya kalle ni ba.

"Na zargi manaja. Na zargi Dogo. Na zargi yarinyar nan da ba ta san hawa ba ta san sauka ba. Ke kaɗai ce ban sa a ciki da gaske ba."

"Na sani."

"Na ci awon nan. Da hannuna na ci shi. Kalma ɗaya za ki haɗiye."

"Na sani, Malam."

"Da kin bar ni. In ma faɗowar ce, da sai a ce Kadangare ya mutu a bakin aikinsa. Yanzu me za a ce? A gan ni a gindin bene ina juya sanda a bokiti, yaran da na koya wa riƙon buroshi suna miƙo min igiya in ɗaura musu fenti. Me za a ce?"

Hawaye suka zubo min, kuma haushi ya zo tare da su, don ni in na ji tsoro faɗa nake yi.

"A ce duk abin da za a ce! Masu cewar su za su je su kwaso ka daga kan kwalta? Su za a kira a ce a zo a duba ko kai ne? Ni za a kira. Ni zan ɗaga zanen in duba. Ka ji haushina har ƙarshen ranka, na yarda, amma ka ji shi kana zaune a gidana."

Ya warware takardar, ya karanta, ya sake naɗewa. Mota ta uku ta tsaya, ya tashi ya shiga ya zauna can gaba kusa da direba, ni na sami wuri a baya. Wata huɗu ke nan yau. Yana zuwa aiki, yana dama fenti, yana dawowa kafin magariba. Tun daga bencin nan bai sake yi min doguwar magana ba, sai ina kwana da sai da safe. Kullum ina zuba abinci kwano biyu, kuma kullum ana cinye duka biyun.